Kunya ba ta tsayar da jini

Jama'ar Dogarawa, ɗiyanmu mata na karatu a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, wasu da aure, wasu babu. In ɗaya ta yi ɓari, ko ta sha wani haɗi a ɓoye jini ya ɓalle, mi za mu yi? Dokar lafiyar haihuwa ta 2006 ba ta yarda a cire ciki ba sai in rai ko lafiyar uwa na cikin haɗari, ko ɗan tayi na da mummunar cuta. To amma mai zubar jini magani take buƙata kafin tambaya. Iyaye, mu gaya musu tun yanzu: a nufi asibiti nan take, ko Tawa ko Galmi. Faɗa ya jira sai ta warke.