Lambunan Jos Da Matsalar Takardar Fili

'Yan'uwa, tun da Shugaba Tinubu ya janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya hau kan kowane kwandon tumatir da ake kawowa daga ƙauye. A tsakiyar 2024 tashin farashin abinci ya haura kashi 40 cikin ɗari. Dole ta sa mutanen birni suka waiwayi lambu, abin da gwamnatin Janar Obasanjo ta yi ta kira a kai tun 1976.

Mu dubi Jos. Masu haƙar kuza sun bar ramuka birjik a wajen Bukuru da Rayfield, ruwan sama ya mai da su tafkuna. Da rani manoma kan kafa injin ban ruwa a bakinsu, da kuma gefen kogin Dilimi, su shuka kabeji, latas, karas da tumatir. Abin da aka cire da asuba yakan isa kasuwar Farin Gada kafin rana ta yi zafi, ba doguwar tafiya, ba ruɓewa a hanya. Kuma ba mai lambu kaɗai ke ci ba. Akwai yaran ban ruwa, da 'yan dako, da matan da ke saro su kasa a bakin titi, waɗansunsu gwauraye ne masu biyan kuɗin makaranta da wannan ciniki.

Amma da yawa cikin manoman nan haya ko aro suke noma. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, mai lambu kuwa ba shi da ko takarda ɗaya. Ran da mai fili ya sami mai saye, sai a wayi gari an jibge bulo a kan kabeji. Wa zai haƙa rijiya ko ya kewaye filin da bai san ko zai kai baɗi a cikinsa ba? Shi ya sa ake noman ci yanzu. Tsadar takin zamani kuma ta tura wasu ga tokar bola, wadda ba ta rasa tsohon batir da fasassun kwalabe, alhali latas ɗanye muke cinsa.

A ganinmu gyaran ba sai an jira Abuja ba. Makarantu da majami'u da yawa suna da fili a baya wanda ciyawa ta cinye. A ba ƙungiyar mata ko ta matasa, a rubuta yarjejeniya ta shekara 5 a gaban mai unguwa, a kuma sa sharaɗi cewa takin gida za a zuba, ban da na bola.