Naman Barewa da Mai Juna Biyu

Da zarar an kwashe amfanin gona rani ya shigo, sai mafarautan birnin Zariya su fita ta Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana, su dawo da gada ko zomo. Barewa kam sai an yi sa'a, ta yi ƙaranci. Wanda ya taɓa cin namanta ya san daɗinsa: tsoka zalla ba kitse, ga ƙamshin daji da naman akuya ba shi da shi. Yana kuma ƙara jini.

Saboda haka ba na tare da masu cewa a hana mai ciki shi ɗungurungum. Matsalar a wajen girki take. Banda ba dahuwa ba ce: waje ya bushe, ciki da sauran ja. A irin wannan nama ƙwayar cutar toksoplasma ke ɓoyewa, ta ratsa mabiyiya, ta jawo ɓari ko ta taɓa ido da ƙwaƙwalwar jariri.

Maigida, kai za ka yi fiɗar, ba ita ba. Yanke duk inda harsashi ya bi ka zubar, domin galibi na dalma ne, gubar nan da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. Sauran a dafa shi ya yi luguf. Wanda aka tsinta a mace kuwa, kada ya shigo gida.