FILIN SANA'A: Mai Sayar da Abu a Rufe, Jarinsa Amana

Wannan wata hirarmu za ta kai mu ƙasar Italiya, wani gari da ake kira Modena. Can ne wasu ƴan uwa huɗu suka kafa sana'a a kan abin da ba a ci, ba a sha, ba a sawa a jiki: ƴan ƙananan hotunan ƴan wasan ƙwallon ƙafa, waɗanda yara ke saye suna tarawa, suna liƙawa cikin littafi. Sunan gidansu Panini. Yau duniya ta san sunan, amma kaɗan ne suka san wahalar da aka sha kafin a kai ga haka.

Uwarsu Olga mijinta ya rasu ya bar ta da ƴaƴa takwas, maza huɗu, mata huɗu. A farkon shekarar 1945, yaƙin duniya bai ma ƙare ba, ta sayi ƴar rumfar sayar da jaridu a tsakiyar gari. A wannan rumfa yaran suka koyi ciniki. Suka san abin da mutane ke saye, da abin da ke kwana. A 1954 suka buɗe wurin rarraba jaridu ga sauran masu rumfuna. Ku riƙe wannan da kyau: kafin su sami hajar kansu, sun riga sun san hanyar da haja ke bi ta kai hannun mai saye.

A 1960 babbansu, Giuseppe, ya tarar da tarin hotunan ƴan ƙwallo a birnin Milan, wani kamfani ya buga sun yi kwantai. Ya saye su da araha. Shi da ƙanensa Benito suka riƙa zuba hoto biyu cikin ƙunshin takarda, su rufe, su sayar lira 10, kuɗin Italiya na wancan zamani. Suka sayar da ƙunshi miliyan 3. Ku yi lissafi: hoto miliyan 6 ke nan suka bi ta hannun mutane, aka ƙirga su biyu-biyu. Da yayyafi kogi kan cika.

Da suka ga kasuwa ta karɓa, a 1961 suka ce ba za su ƙara dogara ga kwantan wani ba, za su buga nasu. Nan aikin da ba a gani ya soma. Sai an nemo hoton kowane ɗan wasa na kowace ƙungiya. Sai an tabbatar da sunansa, don yaro ba ya yafe kuskure a sunan gwaninsa. Sai an tsara littafin liƙawa, kowane hoto da gurbinsa. Hoton farko da suka buga na Bruno Bolchi ne, shugaban ƴan wasan ƙungiyar Inter. A wannan karo suka sayar da ƙunshi miliyan 15.

To, ga inda gizo ke saƙa. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Amma wannan sana'a duk cinikin biri a sama ce, domin yaro na ba da kuɗinsa bai ga abin da ke cikin ƙunshi ba. In ya buɗe ya ga hoto iri ɗaya sau biyu, ransa ya ɓaci. In ya yi ta saye bai ga sabo ba, sai ya ce an cuce shi, ya gaya wa abokansa, kasuwa ta mutu. Saboda haka babban aikin gidan shi ne gauraya hotuna. Da farko da shebur ake juya su kamar mai juya hatsi. Daga baya suka yi amfani da irin abin da Turawa ke kaɗa madara a ciki su fidda man shanu.

Da aiki ya fi ƙarfin hannu, sai aka kira ɗan uwansu Umberto, makanike, wanda ya tafi neman kuɗi ƙasar Benezuwela. Ya dawo gida ya ƙera inji mai suna Fifimatic, mai tsinto hotuna daban-daban ya zuba a ƙunshi ya rufe. Na huɗunsu, Franco, ya riƙe lissafin kuɗi. Benito ya riƙe aikawa da kaya. Giuseppe kuwa shi ke tunanin abin da za a fito da shi baɗi. Kowa da aikinsa, ba mai sa hannu a tukunyar wani.

Duk da haka sun ga gwaji. A kakar wasa ta 1963 zuwa 1964, hoton wani mai tsaron gida na ƙungiyar Atalanta, Pizzaballa, ya yi wa yara wuyar samu, har sunansa ya zama abin misali a Italiya. Mutane suka yi ta zargi. Kamfanin dai ya tsaya a kan maganarsa, cewa kowane hoto adadi ɗaya ake buga shi da ɗan uwansa. Kuma akwai hanyar da suka buɗe: wanda ƴan hotuna kaɗan suka rage masa, ya rubuto wasiƙa ya biya, a aika masa ta gidan waya. Wannan aiki ne mai cin lokaci, ribarsa kaɗan. Amma yaron da ya cika littafinsa bana, shi ne mai saye baɗi.

Sannu a hankali suka ci gaba. A 1970 suka fito da littafin gasar cin kofin duniya da aka yi a Meziko, hajarsu ta tsallaka iyaka. A farkon shekarun 1970 suka koma buga hotuna masu danƙo a bayansu, yara suka huta da shafa gam. A 1988 ƴan uwan suka sayar da kamfanin, amma sunan gidansu ya zauna a kansa. Daga rumfar 1945 zuwa littafin 1970, shekara 25 ke nan.

Mu ma muna da masu tara kayanmu. Baƙi kan nemi abin wuyan nan na azurfa na Agadas da ƴan uwansa, iri 21, su jera su a bango. Mai saye ba ya iya gane azurfa tsantsa da wadda aka gauraya da ido kawai, da maganar maƙeri yake saye. Ranar da ta yi masa wani launi a hannu, ba maƙeri ɗaya ya yi hasara ba, duk masu sana'ar ne.

Saboda haka, ɗan uwa mai son sunanka ya zauna a kan hajarka, ka san hanyar kasuwa tukuna. Ka rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Ka sa na yau ya yi daidai da na jiya. Wanda ya dawo da kuka, ka saurare shi, ko da sayensa bai taka kara ya karya ba.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.