Gardamar Da Aka Yi A Sashen Turanci Na Badun

Makon nan filin namu zai leƙa wani aji ne a Sashen Koyar da Turanci na Jami'ar Badun, domin akwai abin da ya taɓa faruwa a can wanda ya shafi ƙasar Hausa da maƙwabtanta fiye da yadda yawancinmu suka sani.

An buɗe wannan makaranta cikin 1948 a matsayin kwaleji ƙarƙashin Jami'ar Landan, ba ta kuwa tsaya da ƙafafunta ba sai 1962. Cikin ɗaliban farko akwai Chinua Achebe, wanda ya shiga da niyyar zama likita, amma bayan shekara guda ya koma karatun Turanci da Tarihi da Addini, ko da yake sauyin ya jawo masa asarar kuɗin tallafin karatunsa. Malaman Turanci a zamanin Turawa ne, littattafan da ake karantawa kuma na Ingila.

Ana nan sai wani malami ya kawo musu littafin Mister Johnson, wanda Joyce Cary ya wallafa cikin 1939. Shi Cary ba baƙo ba ne a ƙasar nan, gama ya yi aikin Di'o a Borgu. Labarin na wani matashin akawu ne da aka kawo aiki wani garin ƙage mai suna Fada a Arewa, yaro mai fara'a da son burga da cin bashi, wanda ba ya da wani buri illa ya zama kamar Bature. Ƙarshenta ya kashe Baturen kanti, aka yanke masa hukuncin rataya, ya roƙi ubangidansa, Baturen mulki, ya harbe shi da hannunsa, shi kuwa ya cika masa roƙon.

Malam ya zaci ɗalibai za su yi murna, tun da yau ga labarin ƙasarsu. Ashe ba haka ba. Kamar yadda Achebe ya ba da labari cikin littafinsa Home and Exile na shekarar 2000, wani ɗalibi ya dubi malamin ya ce babu inda ya ji daɗi cikin littafin duka sai wurin da aka harbe akawun. Wato abin da ya ɓata musu rai shi ne, mutumin da aka ce ɗan Nijeriya ne, su ba su taɓa ganin irinsa ba a gidajen iyayensu.

Achebe ya sauke karatu cikin 1953. Cikin 1958 ya fitar da Things Fall Apart, wanda aka fassara cikin harsuna fiye da 50. Wannan sashe kuma shi ne J. P. Clark ya ratsa, har ya kafa mujallar waƙoƙin ɗalibai mai suna The Horn, haka nan Wole Soyinka, wanda ya ci kyautar Nobel cikin 1986.

To, ga inda maganar ta zo kanmu. Achebe ya mayar da martani ne da labarin ƙasar Ibo, domin ita ya sani. Amma Fada a Arewa take, Sarkinta da Wazirinta da talakawanta namu ne aka zana. Alhali tun 1934, shekara 5 kafin littafin Cary, Abubakar Imam ya fitar da Ruwan Bagaja, Bello Kagara ya fitar da Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma Shaihu Umar. Sai dai da Hausa suke, mutanen duniya ba su ji ba. Shaihu Umar bai shiga Turanci ba sai 1967, da Mervyn Hiskett ya fassara shi. Sai 1984 Zaynab Alkali, wadda ta koyar da Turanci a Jami'ar Maiduguri, ta fitar da The Stillborn, aka ji muryar macen Arewa daga bakinta.

Saboda haka ina kira ga iyaye su daina yi wa yaron da ya zaɓi karatun Turanci kallon wanda ya rasa abin yi. Ina kuma kira ga sassan Turanci na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, su haɗa kai da sassan Hausa wajen fassara littattafanmu, su kuma bar ɗalibi ya yi wa littafi gardama ko da wane ne ya rubuta shi. Da malamin Badun ya sami aji mai cewa "to" kawai, da wataƙila an yaye akawuna masu daɗin Turanci, an rasa marubuta. Hausawa dai sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, wanda kuwa ya yi shiru, wani zai rera masa tasa yadda ya ga dama.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.