Ba Kofato Ne Ke Kashe Burtali Ba

'Yan'uwa makiyaya da fataken shanu, duk wanda ya kora dabba a ƙasar Malanville cikin watan Agusta ya san halin da hanyoyinmu na ƙasa ke shiga. Daga Gene zuwa Madikali, daga Garu zuwa bakin Karimama, ƙasar fadama ce mai yumɓu, ga kogin Kwara, ga Sota da Alibori suna malalo masa ruwa. Idan aka kwana biyu ana ruwa, sai hanya ta koma kamar kunun kanwa. To, da zarar ta lalace, kafin a ce kwabo an sami mai laifi: ai shanun Fulani ne suka tattake ta. Wannan magana muke so mu auna a yau, domin kuwa a kanta ake cin mu tara.

Saniya tana taka laka, ba mu musa ba. Amma sawunta bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma garke yana bazuwa ne a faɗin burtali. Babbar mota kuwa, ko tarakta mai jan kaya, ƙafafunta layi biyu suke bi, kowace ta zo sai ta faɗa sawun ta gabanta, har ramin ya kai gwiwar mutum. Ruwan sama ya samu wannan rami ya mai da shi magudana, shekara biyu sai ka ga kwazazzabo. Injiniyoyin Amurka sun yi wani gwaji a kan titi tsakanin 1958 da 1960, suka gano cewa idan aka ninka nauyin da ke kan ƙafar mota sau biyu, ɓarnar da take yi wa hanya tana ninkuwa wajen sau 16. A kan kwalta ke nan fa, ina kuma ga ɗanyar laka? Ƙasashen kuɗin sefa na yammacin Afirka sun kafa dokar awon nauyin manyan motoci tun 2005, amma ma'aunin a bakin babban titi yake. Babu mai auna motar da ta ratse daji.

Sai kuma babura, waɗanda su ne abin ƙorafin mutane da yawa. Gaskiya babur ba shi da nauyin da zai haƙa rami mai zurfi. Shi da mai tuƙa shi da ƙyar su kai nauyin bijimi guda. Tasa ɓarnar daban ce. Idan mai babur ya tarar tsakiyar hanya ta zama tafki, gefe yake ratsewa, na bayansa ya ƙara ratsewa, a haka ciyawar bakin burtali ke mutuwa, hanya ta yi ta faɗaɗa tana cin gonar da ke kusa. Manomi ya ga ana cin gonarsa, sai ya matso da shingen ƙaya. Ranar da garke ya iso, tsakiya rami ne, gefe ƙaya ce, ina saniya za ta bi? Ta tsallaka cikin gero ko shinkafa, shi ke nan an kira Arɗo gaban maigari, a yanka wa makiyayi jikkuna na sefa. Direban da ya fara yanka ramin yana can Kwatano ko Paraku, babu wanda ya tambayi lambar motarsa.

Kuma ramin ba ya ƙarewa da damina. Idan iskar hunturu ta busar da yumɓu, bakin sawun mota yakan taurare kamar kaifin dutse. Nan maraƙi ke karya ƙafa, nan tsohuwar saniya ke gurɗewa. Da damina kuma tsayuwa cikin ruɓaɓɓiyar laka ke jawo ciwon kofato, kuma kowane dillali a kasuwar shanu ta Gene ya san yadda farashin sa mai ɗingishi ke faɗuwa. Falken da ya sayi dabba lafiyayya a ruga, ya isa kara da ita tana jan ƙafa, shi ma ya biya kuɗin ramin da bai haƙa ba.

Abin ya ƙara tsanani bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, lokacin da aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya. Benin ta buɗe nata gefen a 2024, Nijar ta bar nata a rufe, sai mutane da kaya suka koma kwale-kwale. Hanyoyin da ke gangarawa bakin ruwa kuwa na ƙasa ne, wasunsu ma hanyoyin mashayar dabbobinmu ne tun kakanni. Babura masu ƙafa uku da masu jarkokin mai suka cika su dare da rana. Ba mu ga laifin mai neman abincinsa ba. A Ingila masu kuɗi ne ke hawa babur su shiga taɓo don nishaɗi, su yi ta gardama da manoma a kan wa ya ɓata hanya. Namu yaran yunwa ce ta sa su. Mu ma babur ne ke kai mana nono kasuwa, shi ke ɗauko malamin dabbobi idan cuta ta faɗo. Saboda haka ba hana babur muke nema ba, kada wani ya juya mana magana.

Abin da muke nema tsoho ne, kuma ba shi da tsada. A ƙasashen nan da Faransa ta mulka an daɗe da sanin shingen ruwan sama: sanda ce ake gittawa a bakin hanyar ƙasa, a tsai da manyan motoci yayin da ake ruwa, sai ƙasa ta tsane a buɗe musu. Muna kira ga ofishin magajin garin Malanville da na Karimama su kafa irin wannan a mashigar hanyoyin da suka haɗu da burtali, kuma motocin da ke kwasar shanunmu su ma su tsaya a bayansa kamar kowa. Inda hanya ta ratsa fadama a zuba burji, a sa kwalbati, domin mai babur ya sami inda zai bi ba tare da ya hau bakin gona ba. Dokar kiwo ta Benin, wadda aka sa wa hannu a 2019, ta amince da burtali a matsayin hanyar dabbobi. To, a kafa masa turaku na siminti yadda kowa zai ga iyakarsa.

Sannan muna roƙon masu gari da 'yan kwamitin sasanta manoma da makiyaya: idan aka kawo ƙarar ɓarna, kafin a ƙirga zangarniyar da saniya ta ci, a taka a je a duba burtalin da ke gefen gonar, a auna zurfin ramin da ke cikinsa, a rubuta shi cikin takardar shari'ar.