Masu yi wa mai fentin dawakin laka dariya, kun taɓa taka Lugu?

Yau maganata da masu ba'a ce. Akwai wani matashi a nan kartiyenmu wanda in ya samu hutu sai ya shiga mota da kuɗin aljihunsa, ya tafi wuraren da aka yi yaƙi a ƙasar nan. In ya dawo ya zauna ya ƙera mayaƙa da dawaki na laka, tsawon ɗan yatsa, ya yi musu fenti. A fada ana ta cewa wai babban mutum da wasan yara. To ni na ce aikinsa ya fi surutunmu amfani, kuma ga dalilina.

Mai shirin shafa fenti dole ya yi tambaya. Wane launi ne hular sojan da Faransawa suka zo da su? Ja ce. Mahayan Damagaram fa, lifidi suka sa ko sulke? Me mutanen Sarauniya Mangu suka riƙe ranar 16 ga Afrilu 1899, da rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, can ƙasar Dogon Dutsi? Baka da kibiya, a gaban bindiga. Wanda ya kwana yana daidaita kwari a bayan ɗan mutum-mutumi ya san wannan bambanci fiye da mai ihun "Sarauniya!" a taro.

Shi ya bi sawun rundunar nan. Ya je Birnin Ƙonni inda suka yi kisan gilla a watan Mayun shekarar. Ya je Dankori inda Voulet ya sa aka harbe Kanal Klobb, ɗan ƙasarsu da aka aiko ya tsayar da shi, ranar 14 ga Yuli. Ya je Maijirgi kusa da Tasawa, inda kaburburan shugabannin biyu suke bayan sojansu sun juya musu baki. Mu fa? Yawancinmu Sarauniyar da muka sani ta littafin Abdoulaye Mamani ce ta 1980, ko ta fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda ma a Burkina Faso aka ɗauke shi. Mu da muka yi lakwal mun haddace Waterloo da Verdun don jarrabawa, amma a tambaye mu Tirmini, inda aka fafata kafin Damagaram ta faɗi a 1899, sai mu yi ta sosa ƙeya.

Mize ɗin Boubou Hama ga shi nan cikin Yamai tun 1959. Ku faɗi gaskiya, in kun kai yara ran salla, zaki da dorina kuke kallo ku dawo, ɗakunan kayan tarihi kuwa ko leƙe. Shi can yake wuni da littafin zane.

Na ji masu cewa da tsadar rayuwar nan wa ke ta tarihi. Ai ba aljihunku ya taɓa ba, kuma kuɗin shayi da na intanet da muke ƙonawa a wata sun kai mutum Dutsi. Wasu kuma sun ce siffofi ne, addini bai yarda ba. Wannan hukunci na malamai ne, ba na mai makirfo ba. Amma wanda ya tsaya a kan haka, wa ya hana shi zana taswirar filin daga, ko ƙera ganuwa da garkuwa da mashi? Kar a fake da addini a zauna cikin rashin sani.

A watan Oktoba 2024 an sauya sunan titin De Gaulle zuwa Djibo Bakary, mun yi tafi. Madalla. Sai dai allon titi ba ya koya wa yaro komai in babu mai ba shi labari. Nan Tondibiya ake horar da sabbin sojojin ƙasa, abin kunya ne a ce ɗan garin bai san inda kakanni suka tsaya suka ƙi gudu ba.

Shugabannin lakwal, ku gayyaci irin wannan matashi ya baje kayansa gaban ɗalibai. Iyaye, Lahadi mai zuwa ku kai yara mize, ku fara da ɗakunan tarihi kafin kejin zaki. Mai tsoho ko tsohuwa da ke da labarin zuwan nasara a garinsu, ya ɗauki muryarsu a waya ya aiko mana, za mu sa a shiri.