Ƙawancen Ƴan Siyasa: Cinikin Biri a Sama

Tun da aka rushe jam'iyyun siyasa a watan Maris na 2025, wata magana ta yi kaka-gida a fadodin Yamai, har wasu masu ilimi sun ɗauke ta tamkar karatu: wai talakan Nijar ya gaji da zaɓe, don haka a naɗe tabarmar ƙuri'a kowa ya huta. Gajiyar kam gaskiya ce. Amma ɗora wa ƙuri'a laifin zalunci ne, domin ba akwatin zaɓe ya yaudari talaka ba. Masu ƙulla ƙawance cikin dare su suka yi.

Mu koma 1993. A zaɓen majalisar dokoki na watan Fabrairu, MNSD ta zo ta ɗaya da kujeru 29 cikin 83, ba wata jam'iyya da ta sami rinjaye ita kaɗai. Sai CDS da PNDS da ANDP da wasu ƙanana suka haɗu cikin ƙawancen AFC, suka tara kujeru 50. Me ya haɗa su? Ƙin tsohuwar jam'iyyar gwamnati, da rabon muƙamai. Mahaman Usman ya zama shugaban ƙasa, Mahamadu Isufu faraminista, Mumuni Adamu Jermakwai shugaban majalisa. An san wanda zai zauna kowace kujera, amma ba a gaya wa malamin makaranta ranar da za a biya shi albashinsa da ya maƙale ba. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kowa ya ga ƙawancen ba shi da tsarin da zai tari wahala.

A Satumbar 1994 Isufu ya yi murabus, PNDS ta koma gefen MNSD da ta yaƙa jiya. Wanda ya jefa ƙuri'a don sauyi ya wayi gari an kai ƙuri'arsa gidan da ya guje wa, ba wanda ya nemi izininsa. Shugaban ƙasa ya rushe majalisa, aka sake zaɓe ranar 12 ga Janairun 1995, ƴan adawa suka sami 43, ɓangarensa 40. Hama Amadu ya zama faraminista, aka shiga zaman doya da manja, har taron ministoci ya riƙa gagara. Ranar 27 ga Janairun 1996 Ibrahim Ba'are Mainasara ya raba gardama da bindiga, kuma a watan Yuli ya rushe hukumar zaɓe ta CENI ana tsakiyar ƙidayar ƙuri'u.

An ɗauki darasi? Ko kusa. A 2011 Hama Amadu ya mara wa Isufu baya a zagaye na biyu, a 2013 suka ɓata kan kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa, a 2016 kuwa Hama ya yi takara daga gidan kason Filinge. To wanda ya ga wannan sau biyu, don me za a zarge shi in ya zauna gida ranar zaɓe?

Masu cewa a rabu da zaɓe sukan kafa hujja da cewa ƙawance ba ya ɗorewa a ƙasarmu. Tarihi bai goyi bayansu ba: MNSD da CDS sun yi mulki tare kusan shekara goma daga 1999, sai da batun tazarce ya raba su a 2009. Kuma sojan da ya raba gardama a 1996 bai bar mana zaman lafiya ba, shi kansa an kashe shi a Afrilun 1999.

Gyara ake bukata, kuma ba ya ɓuya. Na farko, duk yarjejeniyar ƙawance a rubuta ta, a ajiye a hukumar zaɓe, a karanta ta a rediyo cikin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci da sauran harsunanmu kafin zagaye na biyu, don mai zaɓe ya daina cinikin biri a sama. Na biyu, kada majalisa ta tuɓe gwamnati sai ta riga ta amince da wanda zai gaje ta, kamar yadda tsarin mulkin Jamus ya tanada tun 1949. Na uku, jam'iyyar da ta sauya gefe bayan zaɓe ta koma gaban jama'a ta nemi yardarsu. Na huɗu, a hana kowane mai mulki taɓa hukumar zaɓe daga ranar buɗe yaƙin neman zaɓe har a bayyana sakamako.

Ƴan uwa malamai da ƙungiyoyin raya al'adu, wannan aikin namu ne. Kundin 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, amma matsayi a takarda bai wadatar ba in dokar zaɓe mai zuwa za a rubuta ta da Faransanci a fassara mana bayan an gama. Mu nemi a ba mu daftarin tun yana ɗanye, mu kai shi aji da dandali a yi masa filla-filla. Ɗaliban da aka kashe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990 suna cikin waɗanda suka buɗe hanyar da ta kai mu ga akwatin zaɓe. Bai kamata mu mayar da shi don haushin waɗanda suka ci amanarsa ba.